Tambaya da Amsa: Ƙwayoyina suna hayayyafa, amma selulez kusan babu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe, ina karantar ilimin ƙananan halittu. Na ware wata bakteriya daga kashin shanu, da alama Bacillus ce. A kan faranti mai CMC, wato nau'in selulos mai narkewa a ruwa, ta yi zobe mai faɗi bayan na zuba jan rinin Congo, alamar tana tsinka shi. Da na mayar da ita kwalba, ruwan ya yi duhu da ƙwayoyi, amma inzayim ɗin da nake nema, wato selulez, sinadarin da ƙwayar ke fitarwa don tsinka selulos, kusan babu. Na sa gulukos kashi 2 cikin 100 don ta yi saurin girma, na bar ta kwana 5. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Ai ka faɗi matsalar da bakinka: gulukos.

Bakteriya ba ta ƙera selulez don ta burge ka. Yunwa ce ke sa ta. Selulos, wato zaren da ke ƙarfafa kara da ganye da buntu, gulukos ne aka jera shi kamar carbi, kuma tsinka shi aiki ne mai cin ƙarfi. To kai ka ajiye mata tuwo a gaba, don me za ta ɗauki fartanya? Muddin akwai sukari mai sauƙin sha a ruwan, ƙwayar tana rufe ƙwayoyin gadon da ke umartar a yi inzayim ɗin. Shi ya sa ka samu ruwa mai duhu, babu abin da kake nema. Cire gulukos ɗin, ka bar CMC kashi 1 cikin 100 ya zama abincinta, da ɗan peptone ko ruwan yis saboda naitirojin.

Gulukos ɗin ya cuce ka ta wata hanyar ma. Gwajin DNS da ake auna ƙarfin inzayim ɗin da shi, wanda masani Miller ya daidaita a 1959, sukari yake aunawa ta hanyar launi, da haske mai nanomita 540, bai san wanda inzayim ya tsinko da wanda ka zuba da hannunka ba. In akwai saura a ruwan, bututun gwaji da na kwatance duk za su yi ja wur, ƙaramin bambancin da ke tsakaninsu ya ɓace. Kullum ka tanadi bututu ɗaya da ka tafasa ruwan inzayim ɗinsa tun farko don ya daina aiki, ka cire lissafinsa.

Kwana 5 kuma ya yi yawa. Bacillus gwanaye ne wajen fitar da inzayim mai cin furotin, selulez kuwa furotin ne. Idan abinci ya ƙare suka fara komawa ƙwai, wato suka dunƙule suka daina hayayyafa, sai su cinye abin da suka ƙera. Ɗebi samfur duk bayan awa 12, daga awa 12 zuwa 96, ka auna yawan ƙwayoyi da ƙarfin inzayim a tare. Yawanci ana samun ƙololuwar ne tsakanin awa 24 da 72, kuma ba lallai ta zo daidai da ta girma ba. Wannan shi ne abin da nake so ya zauna maka: yanayin da ƙwaya ta fi jin daɗi daban, wanda ta fi yin aiki daban, wanda inzayim ɗin kansa ya fi kaifi a ciki ma daban. Na ga rubuce-rubucen ɗalibai da dama sun cakuɗa ukun a tebur ɗaya.

Zafi da tsami ba su da wuya. Gwada digiri 30, 35, 40 da 45, da pH, wato ma'aunin tsami, daga 5 zuwa 9. Yawancin Bacillus suna tsayawa kusa da 7. Iska ce aka fi mantawa. Kada ka cika kwalba: mililita 50 a kwalba mai cin 250, injin girgiza yana juyi kamar 150 a minti. Da Clostridium thermocellum ce, wadda ke son digiri 60 kuma iska ke kashe ta, da maganar ta juye.

Kada zoben nan ya ruɗe ka. Selulez iri uku ne ke aiki tare: mai sara zare ta tsakiya, mai gutsura daga baki, da mai raba ragowar biyu-biyun zuwa gulukos. CMC yana narkewa a ruwa, na farkon kaɗai ya isa ya yi zobe. In kana son sanin ko ƙwayarka za ta iya da buntun shinkafa ko karan dawa, yi gwajin takardar tacewa ta Whatman lamba 1, faɗi santimita 1 tsawo 6, awa ɗaya a digiri 50. Buntun ma sai ka niƙa, ka jiƙa shi a ruwan soda mai rauni don lignin, wato abin da ya lulluɓe selulos ɗin, ya saki, ka wanke har pH ya dawo 7.

Canza abu ɗaya-ɗaya zai ishe ka a wannan matakin, kowane gwaji sau uku. Tsarin Plackett da Burman na 1946, wanda ake canza abubuwa da yawa a tare, yana rage yawan kwalabe, amma bar shi sai digiri na biyu. Kuma ka riƙa rubuta lokacin da aka ɗauke wuta. Kwalbar da ta kwana ba girgiza ba za a kwatanta ta da sauran ba, sake ta za ka yi.