Ɗalibanki za su iya gano astroyid, amma ba da madubin kanti ba

Malama, tambayarki ita ce: 'yan matan ajinki sun kalli Koisuru Asteroid, wani shirin katun na Japan, sun dage sai an kafa musu kulob na kimiyya, kina son sanin ko abin da aka nuna gaskiya ne, da kuma abin da za a fara saya.

Kimiyyar ciki gaskiya ce. Kamfanin Doga Kobo ya fitar da shi a 2020, kashi 12, daga littafin labarin zane na wani mai suna Quro. Mira da Ao, manyan 'yan matan labarin, sun yi alkawari tun suna yara za su gano astroyid, wato dutsen sararin samaniya, su sa masa suna Ao, domin akwai tauraro mai suna Mira amma babu mai suna Ao. Tauraron Mira yana nan da gaske, haskensa na ƙaruwa yana raguwa a kusan kwana 332. Wuraren da kulob ɗinsu ya ziyarta a birnin Tsukuba, cibiyar JAXA (hukumar binciken sararin samaniya ta Japan) da gidan adana duwatsu da na taswira, duk suna nan. Amma ki lura da inda yaran suka je da neman ya kai nema: tsibirin Ishigaki, wurin da ake da madubin hangen nesa mai faɗin santimita 105. Ba su nema da ɗan madubin kulob ba.

Dalili shi ne haske. A ma'aunin hasken taurari na masana, lamba na hawa, abu na dusashewa. Ido yana kaiwa 6 a wuri mai duhu sosai, madubin ido biyu yana kaiwa wajen 9. Duwatsun da ba a gano ba tukuna yawanci suna 20 zuwa sama, kuma kowane taki 5 ninki 100 ne. Tsakanin 10 da 20 ninki 10,000 ke nan. Don haka kada kowa ya sayar miki da madubi da sunan za a yi sabon ganowa da shi.

Ki fara da madubin ido biyu, 7x50 ko 10x50, da littafin rubutu, da tocila da aka rufe bakinta da jar leda. Lamba ta farko ninkin girma ce, ta biyu faɗin gilashi a milimita. Wanda ya wuce ninki 10 hannu ba ya riƙe shi, hoton rawa zai yi ta yi. Da wannan za su ga ramukan wata, su ga Kaza da 'ya'yanta ta tashi daga taurari shida zuwa gommai, in kuma sun jingina gwiwar hannu a katanga su ga watannin Jupita huɗu a jere kamar ƙwayar gero.

Aikin da na fi so su yi shi ne bin Vesta, wanda aka gano a 1807, mafi haske a cikin waɗannan duwatsu. A duba manhajar Stellarium, kyauta ce a kwamfuta, a ga watan da zai fi haske da inda yake. Daren farko kowace yarinya ta zana duk ɗigon da take gani a cikin madubi, babba da ƙarami. Bayan kwana biyu ko uku a sake zanawa. Ɗigo ɗaya ya gusa, sauran suna inda suke. A lokacin da ya fi kusa yana tafiyar kusan rabin faɗin wata a kwana. Da irin wannan lura masanin taurari Piazzi ya gano Ceres, na farko da aka gano a cikinsu, a 1801. Inda ake kuskure: a zana taurari uku kacal sai a rasa abin kwatantawa, ko a manta rubuta ƙarfe nawa da ina ne arewa a takardar, ko wata ta haska waya. Ido na bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, farin haske ɗaya ya mayar da shi baya.

Lokaci ma abin dubawa ne, domin samanmu ba irin na Japan ba ne. Hazo yana cinye ƙananan taurari ko da babu gajimare. Ƙarshen damina kafin hunturu ya kankama, da daren da ruwa ya wanke sama, su ne suka fi, kuma a kauce wa kwanakin farin wata. Muna da riba ɗaya: Kano tana digiri 12 arewa, don haka taurari huɗun nan masu siffar gicciye na kudu, waɗanda mutumin Tokyo ba ya gani sai ya gangara irin su Ishigaki, ana ganinsu daga nan wajen Afrilu da Mayu in kudu a buɗe take.

In kuɗi ya samu, a sayi madubi mai faɗin milimita 70 ko 80 mai ƙafa mai ƙarfi. Ninkin da zai yi amfani bai wuce faɗinsa sau biyu ba, wato 140 ga mai 70. Kwalin da ya ce 500 ƙarya yake yi. A daidaita ƙaramin madubin saiti da rana a kan hasumiyar masallaci mai nisa, in ba haka ba dare zai ƙare ana neman wata. Kuma kada a taɓa juya shi wajen rana, ko na daƙiƙa ɗaya, makanta ce.

Sabon ganowa kuwa a kwamfuta ake yinsa. Shirin IASC, wani shirin ƙasa da ƙasa na neman waɗannan duwatsu, yana ba ƙungiyoyin ɗalibai hotunan madubin Pan-STARRS na Hawai kyauta, a duba su da manhajar Astrometrica a kan Windows. Hotunan wuri ɗaya ne da aka ɗauka a jere, a riƙa sauya su da sauri har a ga abin da ke motsi. Na gaske yana tafiya a miƙe, da sauri iri ɗaya, haskensa ba ya tsalle. Wanda ya bayyana a hoto ɗaya ya ɓace, tabon kyamara ne, kuma a nan sababbi suka fi faɗawa. Ki gaya musu tun yanzu cewa suna ba ya zuwa da wuri: sai an sake ganin dutsen, an tabbatar da hanyarsa, an ba shi lamba, abin da ke ɗaukar shekaru. Amma yana faruwa. A Japan an yi manhajar COIAS, da aka raɗa wa suna daga Koisuru Asteroid, tana amfani da hotunan madubin Subaru, kuma a 2024 an sa wa wani dutse da aka gano ta cikinta suna Ao.

Kada ki bar ɓangaren duwatsun ƙasa, rabin aikin kulob ɗin su Mira ke nan, kuma shi ne iyaye za su fi saurin yarda da shi tunda da rana ake yi. Gilashin hannu mai ninki 10, ƙusa, da ruwan tsami na kwalba sun isa farawa. Farin dutsen da ƙusa ba ta karce shi galibi kwaz ne. Wanda ta karce, garinsa ya yi kumfa da ruwan tsami, farar ƙasa ce irin ta Kalambaina da ake yin siminti da ita. Kowane samfuri a liƙa masa takarda mai wuri da kwanan wata kafin a sa shi a jaka.