Amsa: Shan kofin gwangwani sau uku a rana, akwai illa?

Malam, ka ce kana shan Nescafé kofi uku kullum, kana tsoron ko zai cuce ka. Garin kansa ba wani abin tsoro ba ne, kofi ne aka dafa aka busar. Cokalin shayi ɗaya yakan ɗauki kafeyin, wato sinadarin da ke hana barci, miligiram 30 zuwa 90, alhali ma'aunin da masana suka yarda da shi ga lafiyayyen baligi 400 ne a rana, mai juna biyu 200. Kofin yana wartsake mutum, yana kuma da sinadaran da ke kare ƙwayoyin jiki.

Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ake zuba masa. Tsaya gun mai shayi ka ga yadda yake tsiyaya madarar gwangwani, ya bi da suga cokali uku. Ƴar ledar nan mai haɗi uku kuwa, juya bayanta ka karanta, suga da garin madara sun fi kofin yawa. Ni kam na daina saye.

Sai batun barci. Kafeyin yakan yi kusan awa 5 kafin rabinsa ya fita daga jiki, don haka wanda ka sha bayan La'asar yana nan har ka kwanta. In kana cin goro, lissafa da shi, shi ma kafeyin ne. Kada ka sha kofin tare da abinci in kana da ƙarancin jini, yana rage tsotsar sinadarin ayon da jiki ke yin jini da shi. In hawan jini ko ƙwannafi na damunka, koma kofi ɗaya da safe, ka faɗa wa likitanka.