Amsa Kan Tauraron Labari Mai Cin Amanar Aure

Ɗana, ka ce waɗanda ka ba daftarin labarinka su duba sun dawo suna ƙorafi cewa tauraron maƙaryaci ne mai cin amanar matarsa kuma sun tsane shi, shi ya sa kake tambaya ko ka tausasa halinsa ko ka sa ya tuba a babin ƙarshe. Kafin ka sauya ko kalma ɗaya, koma ka tambaye su inda suka tsaya. Idan sun tsane shi amma suka kasa ajiye takardun sai da suka kai ƙarshe, to alƙalaminka ya yi aikinsa. Idan kuwa tun a babi na biyu suka ajiye, laifin yana ga rubutun, domin bai mayar da shi mutum mai jini da tsoka ba.

Abin da ke riƙe mai karatu shi ne ya gane abin da tauraron yake kwaɗayi, da kuma irin ƙaryar da yake yi wa kansa don ya iya kwana da abin da ya aikata. Dubi littafin labarin Madame Bovary na marubucin Faransa Gustave Flaubert, wanda aka fara bugawa kashi-kashi a wata mujalla ta Faransa a 1856. Emma, tauraruwar labarin, matar likita ce da ta raina mijinta, ta yi neman maza biyu a ɓoye, ta ci bashin da ya rusa gidan, sannan ta sha guba. A farkon 1857 aka gurfanar da marubucin a kotu bisa zargin ɓata tarbiyya, kuma daga cikin hujjojin mai gabatar da ƙara akwai cewa babu wani a cikin littafin da ke da bakin tsine wa matar. Kotu ta wanke shi, kuma a ganina abin da aka zarge shi da shi shi ne ƙarfin littafin: mai ba da labari yana shiga zuciyar Emma ya yi magana da irin kalmominta, har mai karatu ya ji daɗin ruɗin tare da ita, alhali yana hango ramin da take nufa.

Na lura a shafinka na farko ka rubuta cewa mutumin azzalumi ne marar kunya. Ka goge wannan, domin hukunci ne ka yanke tun ba a saurari shari'a ba. Maimakon haka, ka nuna shi zaune yana murmushi ga wayarsa, matar ta shigo, ya kife wayar a kan tebur da sauri, ita kuma ta gani sarai amma ta tambaye shi yadda ya baro wurin aiki. Sai ka bar mu mu ji haushin da ya kama shi saboda ba ta yi masa faɗa ba, tunda da ta yi, da ya samu hujjar ficewa yana ganin shi aka zalunta. Wanda ya karanta wannan zai tsane shi fiye da yadda zaginka zai sa, kuma zai ɗan tsorata, domin ya san wannan dabarar a wani lungu na zuciyarsa.

Game da tuba kuwa, ba na hana ka, amma tuban da ba a shuka irinsa tun farkon labari ba, mai karatu yana gane cewa marubuci ne ya tuba a madadin tauraronsa don gudun surutun jama'a. Abin da ba zan yarda ka tsallake ba shi ne ɓarnar da cin amanar ya jawo wa wasu. Flaubert bai yi wa'azi ba, amma ya gaya mana cewa 'yar Emma ta ƙare tana aiki a masaƙar auduga. Matar tauraronka a yanzu inuwa ce kawai da ke buɗe ƙofa da rufewa, don haka ka koma ka rubuta mata babi guda ita kaɗai, a daren da bai dawo gida ba, sannan ka kawo mini mu duba tare.