Muryar da Malam ya turo kan maganar su Darida

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan'uwa barkanmu da dare. Ƙanena, na ga tambayarka tun bayan la'asar, ina aji ne, kuma yanzu idona ya gaji da rubutu, ku yi haƙuri da murya. Ka ce wai su Darida da Fuko da sauran masu falsafar Faransan nan da ake kira 'yan fosmodan, ba su ne suka ce babu Allah babu gaskiya ba, wa'iyazu billahi, to me ya kai Musulmi karanta su. Ni dai na san ba wannan ce ke cin ka ba. Yaron nan na gidanku ne da ya dawo hutu yana ce wa kowa "ai kowa da gaskiyarsa". Ko ba haka ba? To.

Da fari dai, waccan mummunar maganar, wai Allah ya mutu, wa'iyazu billahi, ba Bafaranshe ne ya yi ta ba. Nitshe ne, Bajamushe, ɗan fasto, tun 1882. Kuma masu yawo da ita ba sa karanta wurin. A bakin wani mahaukaci ya sa ta, wanda ya kunna fitila da hantsi ya shiga kasuwa yana cigiyar Ubangiji. Su wa ya tarar a kasuwar? Marasa imani, suna ta yi masa dariya. Da su yake. Yana ce musu wai ni da ku muka kashe shi, kuma ba ku san girman abin da aka aikata ba. Wato Turai ta zare ginshiƙin ɗakinta, tana zaune a ciki tana shan shayi. Ban ce mutumin kirki ba ne fa, kar wani ya yanko nan ya kai wani guruf. Ya tsani Kiristanci ƙwarai. Amma mahaukacin nan ba guɗa yake yi ba.

Sai Haidega ya zo, shi ma Bajamushe, a 1957 ya ce abin da falsafa ta ƙera ta sa wa suna allah, wato sababin farko da ake kaiwa gare shi da lissafin hankali, mutum ba ya iya roƙonsa, ba ya yi masa yanka, ba ya durƙusawa gabansa. Wannan ƙirar ita su Darida suke ta sassaƙe wa ƙafa. Shi ya sa za ka ga ɗan Katolika mai zuwa coci kamar Mariyon, masanin falsafa Bafaranshe, a 1982, ya ce madalla, duk abin da hankalinka ya kewaye ya ce ga Allah nan na kama, gunki ne, sai dai da tunani ka sassaƙa shi maimakon itace. Ranar da na fara karanta wannan, wallahi zauren malaminmu na tuna, muna haddar sifofi ashirin, mukhalafatu lil hawadisi, laisa kamislihi shai'un. Na ce ashe sun sha dogon zagaye sun zo bakin ƙofar da...

A'a, tsaya. Kar in yi abin da nake hana ɗalibaina. Ba ƙofa ɗaya ba ce. Mu muna kore kamanceceniya ne bayan mun tabbatar da samuwa, kuma muna da wahayi. Darida kuwa sau da yawa an so a naɗa masa rawanin masu tauhidin korewa, wato masu siffanta Allah da faɗin abin da ba shi ba ne kawai, ya ce a'a, tun laccarsa ta 1968, ya sake nanatawa a Ƙudus a 1986. Don haka masu cewa ai Ibn Arabi, babban sufin nan, shi ne ya dawo da kwat, su rage gudu.

Shi Darida ma, ƙanena, ɗan Afirka ne. A Aljeriya aka haife shi, 1930, gidan Yahudawa, a wata unguwa ta birnin Aljiyas. Yana ɗan shekara 12 aka kore shi daga makaranta, 1942, saboda gwamnatin Faransa ta lokacin ta rage gurbin 'ya'yan Yahudawa. Yaron da aka ce masa jiya kai Bafaranshe ne, yau ba kai ba ne, ka yi mamaki don ya girma yana zargin duk wani layin da aka ja aka ce nan ciki nan waje? Abin nasa da ake kira dikonstirakshan, ni farke ɗinki nake ce masa. Ba yaga riga ba ne. Tela ne ya juya riga ciki-bai yana nuna maka inda aka haɗa, da inda zaren ya ja, da ƙyallen da aka cusa ciki don kar a gani. A 1991 ya fitar da wani rubutu da ya yi lokacin mahaifiyarsa tana jinyar ajali a birnin Nis na Faransa, yana jera kansa da Waliyi Agustin na Kiristoci, wanda shi ma ɗan ƙasar Aljeriyar yau ne. A nan ya ce ana ɗaukarsa mulhidi kuma masu ɗaukar sun yi daidai. Ka lura, "ana ɗaukata" ya ce. Kuma rubutun cike yake da addu'a da hawaye, har wani Ba'amurke, Kafuto, ya yi littafi guda a kai a 1997. To ka kira shi abin da ka ga dama, hukuncinsa a wurinmu ba ɓoyayye ba ne, amma dai ka san me ya faɗa.

Wannan "ka san me ya faɗa" ɗin ita ta ci min wata shida a rayuwa. Wasunku sun san labarin. Ranar kare kundina na digiri na biyu, na sha motar dare, na iso da babbar riga duk ta yamutse, na zauna gaban mutum biyar. Babban cikinsu ya buɗe babi na uku, ya ga sunan Darida, ya ɗauki jan biro ya ja layi tun daga saman shafi har ƙasa, har takardar ta huje. Ya ce ba za a kawo mana Bayahuden da ya ce rubutu ba shi da ma'ana ba. Na ce ranka ya daɗe, a wane shafi ya faɗa? Shiru. Sai wani ya taka min ƙafa ta ƙarƙashin tebur. Aka ce in cire babin, in sake ɗauri, kwafi shida, da kuɗina, lokacin albashina bai kai ya kawo ba. Kundin yana nan a kabad, da hujin. Bayan shekara kamar takwas na je wani taro, sai ga shi a kan mumbari yana "mu yi dikonstirakshan ɗin wannan waƙa". Wallahi sai da na duba takalmina. Allah ya jiƙansa dai, ya rasu, na yafe. Amma biron nan... to, a bar shi.

Ina nake? Yauwa. In kana neman inda za ka kama su, ga wurin. A 1994 sun taru a wani tsibiri na Italiya, Kapri, ku ji da kyau, Kapri na ce, ban ce kafiri ba, Darida da Batimo da tsoho Gadama da wasu masana falsafa, za su tattauna mene ne addini. Darida da bakinsa ya ce ku duba teburin nan, babu Musulmi ko ɗaya, babu mace ko ɗaya. Ya kuma ce ita kanta kalmar da suke kiran addini da ita ta Latin ce, tarihin Kiristanci ke cikinta. To ka ga in suka ce addini, rigimar gidansu suke yi. Fuko kuma da ya je Iran sau biyu a 1978 ya dawo yana yabon ruhin juyin juya halin ƙasar, har ya mutu a 1984 ana yi masa gori. Wannan wata rana.

Inda abin ya taɓa mu da gaske shi ne nassi. In ka ce ma'ana ba ta taɓa rufewa, to ina ka ajiye muhkamat, ayoyin Alƙur'ani masu bayyananniyar ma'ana? Arkun, ɗan Aljeriya da ya koyar a jami'ar Sobon ta Faris, ya shigo da irin kayan aikin nan cikin karatun turasinmu, wato gadon iliminmu na Musulunci. Abu Zaid na Masar, kotu ta ce ya yi ridda saboda rubuce-rubucensa kan nassin Alƙur'ani, ta raba aurensa a 1995, ya koma Holan. A nan ni ma nake ja da baya, ba na ɓoyewa. Almakashin tela ba kowane ƙyalle ake sa wa ba.

Shi kuma yaronku, "kowa da gaskiyarsa" ba ta kowa ba ce cikinsu. Liyota, ɗaya daga cikin Faransawan nan, a 1979 cewa ya yi mutane sun daina yarda da manyan labaran da Turai ta ba kanta, na ci gaba, na Markisanci. Darida kuwa a 1989 a Niyok ya ce doka ana farke ta, adalci ba a farke shi. Ka tambayi yaron a wane shafi ya gani. Kai, ga ni ina tambayar da ta jawo min jan biro.

Ka turo min shi Asabar bayan la'asar, ina gida. Ya zo da littafin a hannu, ba bidiyon TikTok ba. Cajina saura kashi huɗu. Hajiya, na ga taki tambayar ta Lebinas, sai gobe in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.