Amsar Baba Dattijo ga mai son barin giya da sake sabon zama

(Murya ce da ɗaya daga cikin dattawan ikkilisiya ya turo zauren matasa, aka mai da ita rubutu saboda masu ƙarancin data.)

Salama a gare ku cikin sunan Ubangiji Yesu. Ya aikin kaka, ya iyali? To, ɗana, na saurari muryarka har ƙarshe. Ka ce duk lokacin da aka yi kira a taron farkawa kana fitowa gaba, ka yi kuka, a yi maka addu'a, amma kafin wata ya zagayo ka koma gidan burukutu. Ga bashi ya yi maka katutu, ga gaba tsakaninka da yayanka kan iyakar gona. Kana tambaya yaya mutum zai san ya shirya da gaske, ko kuwa ka bari sai daren tsallake shekara.

Maganar jiran ranar 31 ga Disamba, ka ajiye ta. Mai-Wa'azi 11:4 ya ce mai duban iska ba zai yi shuka ba. Kuma kai ma ka sani, tsakanin kaka da Kirsimeti ne kuɗin hatsi ke shiga hannu, a nan ne kuma ake zubar da su. In ka jira Janairu, rumbu ya riga ya yi rabi.

Kukan da kake yi ba ƙarya ba ne, amma ba shi ne ma'aunin shiri ba. Yahuza, almajirin da ya ba da Yesu, shi ma ya yi nadama, har ya mayar da azurfa 30 ɗin da aka biya shi, sai dai bai koma wurin Ubangiji ba. Shi ya sa Bulus a 2 Korintiyawa 7:10 ya raba baƙin ciki gida biyu, wanda ke kai mutum ga tuba da wanda ke kai shi ga mutuwa. Gafara kyauta ce, ba aikinka ne zai saye ta ba, wannan kada ka yi shakka. Amma shiri abu ne da ake gani a hannu. Yesu ya ce a Luka 14:28 mai son gina hasumiya sai ya fara zama ya yi lissafin kuɗin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Lissafin ke nan. Ka sami littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Kada ka rubuta "ina so in zama mutumin kirki", wannan ba ya kama komai. Ka rubuta abin da sunansa: burukutu, a gidan wane, wace rana, wane lokaci, tare da su wa, nawa kake kashewa. Yawanci za ka tarar ranar kasuwa ce da yammacin Lahadi, daga la'asar zuwa bayan magariba. In ka gane wannan, ka san ba kwana bakwai kake yaƙi ba, wasu 'yan awoyi ne sanannu.

Yanzu ka kasa kunne sosai, nan ne ake yin kuskuren da ke kashe mutum. In kai mai sha ne kullum, har in gari ya waye hannunka na rawa, kana gumi, zuciya na tashi, sai ka kurɓa sannan ka dawo daidai, to kada ka yanke sha rana ɗaya kai kaɗai a ɗaki. Jiki ya riga ya saba. Cikin kwana 2 na farko mutum na iya faɗuwa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, zuwa kwana na 3 ya rikice, yana ganin abin da babu. Mutanenmu sai su ce iskokai ne, a kewaye shi da addu'a har rai ya yi halinsa. A yi addu'ar, amma a kai shi asibiti. Ka fara zuwa asibitin ƙaramar hukumarku ka faɗa wa ma'aikacin lafiya gaskiyar yawan abin da kake sha, in ya ga ya fi ƙarfinsu zai tura ka gaba, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, akwai na Malam Aminu Kano, duk a jihar Kano. Mai shan tiramol ma haka. Kuma kada ka haɗa makon farko da azumin ba ci ba sha. Jikin da ke neman ruwa da abinci, ka ba shi kunu, ka ba shi tuwo. Azumi yana nan, zai jira ka.

Sai mutum ɗaya da zai san komai. Yaƙub 5:16 ya ce mu furta wa juna zunubanmu. Ba zauren WhatsApp za ka riƙa kawo wa rahoto ba, kuma ba abokin shanka ba, ko da shi ma ya ce zai bari. Dattijo ko mai bishara, namiji, wanda bakinsa ke da linzami, wanda gidansa ke kusa yadda za ka iya zuwa da ƙafa. Ku sa rana, misali duk Laraba bayan addu'a, shi ne zai tambaye ka, ba sai ka kawo kanka ba.

Bashi kuwa, a nan yawancin tuba ke mutuwa, don kunyar mai bin ka kuɗi ita ke mai da kai wurin sha. Ka rubuta kowa da abin da yake bin ka, har kwanon dawa da ka ara a damina. Kafin ka sayar da ko tiya ɗaya, ka ware abincin gida na shekara da iri da ushiri. Abin da ya rage shi ne na biyan bashi. Ka fara da haƙƙin marasa ƙarfi, gwauruwa da wanda ya yi maka ƙwadago ba ka sallame shi ba, sannan bashin da ke hauhawa da kuɗin ruwa. Manyan kuma ka je da ƙafarka, da shaida, ka faɗi abin da za ka iya bayarwa duk wata. Ka faɗi ƙasa da ƙarfinka. Wanda ya ce dubu 5 ya kawo dubu 5 ya fi wanda ya ce dubu 20 ya kawo 10 daraja a idon mai kuɗi. Kada ka ci sabon bashi don toshe tsoho. Makullin rumbu kuma ka miƙa wa maiɗakinka ko mahaifinka. Na san wasu za su ce wannan zubar da girma ne. Girman da ya bar yara da yunwa a watan Agusta ban ga amfaninsa ba.

In akwai abin da ka ɗauka ba da sanin mai shi ba, wannan ba bashi ba ne, mayarwa ake yi. Zakka mai karɓar haraji, a Luka 19, da bakinsa ya ce zai mayar ninki 4. Ba a ɗora maka ninki 4 ba, amma ka mayar da abin, kuma ka je tare da dattijon nan don kada magana ta zama rigima.

Yayanka: Matiyu 5:23-24 ya ce ka bar baikonka a gaban bagade ka fara zuwa ka shirya da ɗan'uwanka. Ka ɗauki baffanku ko kawu. Ranar nan ka nemi gafarar zagin da ka yi kawai, kada ka ta da zancen iyaka, kada ka ce "amma kai ma". Iyakar gona zama ne daban, gaban mai unguwa da waɗanda suka san tarihin gonar. In ya ƙi karɓa, ka yi naka, ka ci gaba da gaishe shi.

Waɗancan awoyin da ka gano, dole ka cika su. Matiyu 12:43-45 ya ba da labarin ƙazamin ruhun da ya dawo ya tarar da gida a share ba kowa, ya gayyato wasu 7. Ranar kasuwa ka je da safe, da kuɗin cefane kaɗai, ka dawo kafin azahar ta wata hanyar. Da yamma ka sami aikin da ba ya jira: ban ruwa a lambu in kuna noman rani, ko turkar rago, ko koyon waƙa a majami'a. Karatu kuma kada ka yi alkawarin gama Littafi Mai Tsarki a wata uku. Littafin Markus surori 16 ne, ɗaya kowace safiya. In karatu na yi maka wuya, akwai na saurare da Hausa, a tura maka a waya.

In ka zame, ka je wurin dattijon a ranar, kada ka bari Lahadi ta zo kana ɓuya. Ku duba tare me ya faru: kuɗi ne a aljihu, ko faɗa aka yi a gida, ko biki ne. Wannan wurin za a toshe. Bitrus sau 3 ya yi musun sanin Yesu, a Yohanna 21 aka mai da shi bakin aiki. In dattawa sun sa ka ƙarƙashin horo, aka ce ka dakata da cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Yesu, ba kora ba ce, ka ci gaba da zuwa sujada ka zauna inda aka nuna maka. Ka kawo littafin ran Laraba, mu fara da shafin bashi.