Shingen da ke cikin "beyond the pale"

Wata malama mai koyar da Turanci a makarantar sakandare ta rubuto tana cewa: "Malam, mun ci karo da 'beyond the pale' a aji, na ce wa ɗalibaina ma'anarsa wuce gona da iri. Sai wani yaro ya ce a ƙamus pale launi ne da ya koɗe, to me ya haɗa launi da gona? Na rasa amsar da zan ba shi."

Malama, ki yaba wa yaron nan, ya duba ƙamus da kyau. Kalmomi biyu ne suka yi kama a rubutu, amma ba tushensu ɗaya ba. Wadda ke cikin wannan magana ta samo asali ne daga palus ta Latin, wato itacen da ake fiƙe bakinsa a kafa a ƙasa kamar turke. In aka jera irinsa da yawa ya zama shinge, sai sunan ya koma kan shingen, daga baya kuma ya koma kan yankin da shingen ya kewaye.

Haka Ingilishi suka riƙa kiran yankin da suke mulka kewaye da Dublin a Ayalan. A zaman majalisar dokokin Ayalan da aka fara a 1494 an ba da umarnin a haƙa ganuwa a bakin iyakarsa. Ciki dokar Sarkin Ingila ke aiki, waje kuwa mafi yawansa na sarakunan Irish ne, waɗanda Ingilishi ke yi wa kallon marasa tarbiyya. Sun kuma kira yankin Kale da ke Faransa, wanda suka riƙe daga 1347 zuwa 1558, da wannan suna. Mutane da yawa na jingina karin maganar ga Dublin kai tsaye, amma a rubuce ta bayyana ne a tsakiyar ƙarni na 17 da ma'anar fita daga shinge kawai. Masu danganta ta da yankin da Rasha ta killace Yahudawa tun 1791 kuwa sun yi kuskure, don maganar ta girmi wannan killacewa.

Fassararki ta kusa, sai dai ina so ki lura da wani abu. Ki dubi mai shuka: ƙoƙon iri a hannu, yana zuba ƙwaya yana rufewa da diddige, har ya ƙetare jerin gambar da ke iyaka bai ankara ba. Aikinsa daidai ne, zarcewa ce ta ɓata shi. Shi ya sa muke cewa uba ya wuce gona da iri wajen horon ɗansa, domin horon kansa ba laifi ba ne. Bature kuwa in ya faɗi tasa, yana nufin abin tun farko ba shi da wurin zama a cikin mutane, kamar wanda ya zagi mamaci a gidan makoki. A irin wannan, ki koya musu "ya keta haddi" ko "ya yi abin da jama'a ba za su lamunta ba". Ki ajiye gona da iri don inda abu mai kyau ya yi yawa.