Na'urar Kwashe Kumfa: Amsoshi Ga Masu Kiwon Kifi Na Yamai Da Kewaye

Tambaya ta farko ta zo ne daga wani mai kiwon tarwaɗa a unguwar Saga. Yana da tankunan siminti biyu, kowanne yana cin lita 10,000, kuma ya ce tun shigowar bazara ruwan ke wari, farar kumfa tana taruwa a kusurwoyi. Ya ga bidiyo a Facebook na wata na'ura da ke fitar da baƙin datti daga ruwan kifi zuwa cikin kofi, mai tallar kuma ya ce wanda ya saye ta ya huta da canjin ruwa. Yana son sanin ko ya yi odarta.

Malam, kada ka saye ta. Na'urar gaskiya ce, kuma tana aiki kamar yadda ka gani, amma ba don irin ruwanka aka ƙera ta ba. Dogon bututu ne da famfo ke cusa wa ruwa haɗe da dubban ƙananan kumfar iska. Dattin da ya narke a ruwa, wato majinar jikin kifi da maiƙon abinci da ragowar furotin, yana da ɗabi'ar manne wa fatar kumfa, saboda haka idan kumfar ta taso sama sai ta ɗauko shi, ta taru ta yi kauri a wuyan bututun, ta tumbatsa cikin kofi a zubar. Aikin gaba ɗaya ya rataya ne a kan ƙanƙantar kumfar da daɗewarta kafin ta fashe, wannan kuwa gishiri ne ke kawo shi. A ruwan teku, inda kowace lita ke ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri, ƙananan kumfa ba sa haɗewa da juna, har ruwan cikin bututun ya koma fari kamar nono. A ruwan daɗi, irin na kogin Kwara ko na rijiyar burtsatse, nan da nan suke haɗewa su zama manya, su haura sama su fashe ba tare da sun ɗauko abin kirki ba.

Kada kuma wani ya ce maka ka zuba gishiri na'urar ta tashi. Giram 2 ko 3 a lita da masu kiwo ke sakawa idan kifi ya wahala bayan jigila ba ya kusa da abin da ake buƙata. Kafin tanki ɗaya naka ya kai matsayin ruwan teku sai ya ci kilo 350 na gishiri, tarwaɗa kuwa za ta mutu tun ba a je ko'ina ba.

Kumfar da kake gani a kusurwoyi alama ce cewa dattin da ke shiga ruwan ya fi wanda ke fita. Abin da ya fi kumfar haɗari shi ne amoniya, gubar da ke fitowa daga jikin kifi da ruɓewar datti, wadda ido ba ya gani, kuma ita wannan na'ura ba ta cire ta ko a ruwan teku. Duk kilo ɗaya na abincin kifi mai furotin kashi 30 cikin 100 yana barin kusan giram 30 na amoniya a ruwa, kuma gubarta tana ƙaruwa idan ruwa ya yi zafi, shi ya sa matsalar ta bayyana maka a Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40, ba a Disamba ba. Abin da za ka yi shi ne ka dakatar da abinci na kwana ɗaya, sannan ka koma bayarwa kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti 10 zuwa 15. Ka riƙa zubar da ruwa ta ƙasa, inda kashi da ragowar abinci ke kwanciya, domin wanda ya ɗebe ruwan sama ya zubar da mai kyau ne ya bar dagwalon. Idan ƙasan tankin ba shi da gangara zuwa mafitar ruwa, kuɗin da ka ware wa na'urar ka ba magini ya gyara maka shi bayan ka kwashe wannan kifi. Ka yi rumfar zana a kan tankunan, ka kuma ware manyan kifi daga ƙanana don rage cunkoso. Ruwan da ka zubar kuwa taki ne, ka ja shi da tiyo zuwa zogale ko salati.

Tambaya ta biyu daga wata Hajiya ce mai gidan saukar baƙi a tsakiyar birni. Tana son kafa akwatin gilashi mai lita 400 na kifin ado na teku a ɗakin tarbar baƙi, kuma tana tambayar yadda za ta zaɓi wannan na'ura, wadda a takardun masu sayarwa na Faransanci ake rubutawa écumeur.

Hajiya, ke kam na'urar za ta yi miki aiki, kuma a akwati mai girman naki ina ganin wajibi ce. Amma kafin maganar zaɓi, akwai abin da ya gabace ta. Kifin murjani, wato irin kifin ado na teku da kike so, yana son ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 26, kuma ba ya jure hawa da sauka. Idan ɗakin ba shi da na'urar sanyi mai aiki dare da rana, ko injin sanyaya ruwan kansa, da kuma batir ko injin wuta da zai karɓa idan kuran ya ɗauke, to babu na'urar kumfa da za ta ceci kifin a watan Mayu. Wannan lissafi shi ne na farko. Idan ya yi miki nauyi, kifayen tafkin Malawi na ruwan daɗi suna da launin shuɗi da rawaya mai ɗaukar ido, sun fi juriya, kuma ba sa buƙatar gishiri ko wannan na'ura.

Idan kin shirya wa sanyi da wuta, sai a dubi girma. Adadin litar da masu ƙerawa ke rubutawa a kwali galibi na akwati ne mai kifi kaɗan, don haka ga lita 400 ki nemi wadda aka rubuta wa 500 zuwa 600. Kada ki zarce zuwa mai lita 1,500 da tunanin babba ta fi. Wuyanta yana da faɗi, dattin akwatinki ba zai isa ya haɗa kumfa mai kaurin da za ta cika shi ba, sai ta yi aiki yau ta kwanta gobe, kina ta juya maɓalli ba ki san laifin na girma ne ba.

Iri biyu ne za ki fi samu. Akwai wadda ake ratayawa a bayan gilashi, akwai kuma wadda ake zaunarwa a cikin ƙaramin tankin tacewa da ke ɓoye a ƙarƙashin akwatin. Ta biyun nake ba ki shawara, domin idan kofinta ya cika ya zube, cikin tanki zai zube ba a kan dardumar baƙi ba, kuma ƙararta ba ta fita sosai. Sai dai a auna faɗi da tsayin wurin kafin a yi oda, a bar sararin ɗaga kofi ta sama, a kuma duba zurfin ruwan da aka ce ta zauna a ciki, domin idan ruwan yana hawa yana sauka, kumfar ma haka za ta yi. Famfon da ya fi dacewa shi ne mai farfela mai allurai, wadda ke yayyanka iska ta zama ƙananan kumfa. Ki zaɓi mai cin wuta kaɗan, tun da duk wutar da famfo ya ci a cikin ruwa zafi take komawa. Masu aiki da bolt 24 sun fi sauƙin haɗawa da batir. Ki tabbata kuma an yi ta ne don wutar bolt 220 zuwa 240 mai hez 50 irin tamu. Kayan kasuwar Amurka na bolt 110 zuwa 120 ne mai hez 60, ba za su yi daidai a nan ba. Tun da Yamai ba gari ba ne da za a shiga shago a sami kayan gyaranta, ki sa a haɗo miki da farfela ta ajiya a oda guda.

Akwai abu biyu da yanayinmu ya ƙara a kan abin da ke cikin takardar na'urar. Na ɗaya, idan wuta ta ɗauke, ruwan akwatin sama yana gangarowa ya cika tankin ƙasa, idan kuma ta dawo na'urar ta tashi nan take cikin ruwa mai yawa, sai kofin ya ambaliya ya mayar da dattin kwanaki cikin ruwa. Maganinsa ɗan agogon jinkiri ne da zai hana ta tashi sai bayan minti 5 zuwa 10. Na biyu ya fi damuna. Na'urar tana zuƙar iskar ɗaki ne ba dare ba rana tana dama ta da ruwan kifi, don haka duk abin da ke cikin iskar ya shiga: ƙurar hunturu, hayaƙin turaren wuta, da maganin sauro na feshi ko na ƙonawa. Maganin sauro guba ne mai tsanani ga kifi ko da kaɗan ne. A gidan baƙi, inda ma'aikata ke fesa ɗakuna da yamma, wajibi ne a ja tiyon iskar zuwa wuri mai tsabta ko a sa masa matatar gawayi, a kuma hana feshi a ɗakin da akwatin yake.

Sabuwar na'ura takan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ta daidaita; a wannan lokaci tana iya cika kofi da farin ruwa ko ta ƙi fitar da komai, kuma wannan ba lalacewa ba ne. Idan ta daidaita, abin da ke cikin kofin zai zama ruwan ƙasa-ƙasa mai duhu, mai wari. A zubar da shi duk kwana biyu ko uku, a goge cikin wuyan, domin dattin da ya daskare a wurin yana kashe kumfa. Duk bayan ƴan watanni a jiƙa famfon a ruwan binega don narkar da farar ƙasar da ta kama shi. Na'urar ba ta ɗauke miki canjin ruwa ba: kashi 10 cikin 100 duk mako ɗaya ko biyu, da gishirin teku na musamman da ake haɗawa don kifi. Gishirin miya ko na Bilma ba zai yi ba, saboda ruwan teku yana da magniziyam da kalsiyam da fotasiyam a ma'auni sananne. Cikon farko zai ci miki kusan kilo 14 zuwa 15. Ruwan da zafi ya ƙafar kuwa, da tataccen ruwa marar gishiri ake mayar da shi, domin ruwa ne ke tashi, gishirin yana nan.

Tambaya ta uku gajera ce, daga wani matashi mai kiwon karfasa a wajen Kollo. Kifinsa yana tasowa saman ruwa da asuba yana haki, kuma yana tambaya ko wannan na'ura za ta ƙara masa iska.

Ɗana, abin da kake buƙata ya fi wannan araha. Koren ruwan kiwo, wato mai gansakuka, yana samar da oksijin, iskar da kifi ke shaƙa, da rana, da dare kuma shi da kifin suna cinye ta tare, shi ya sa ƙarancin ke kai matuƙa kafin fitowar rana. Ruwa mai digiri 30 ba ya riƙe fiye da miligiram 7.5 na oksijin a lita, karfasa kuwa ba ta da gaɓar shaƙar iskar sama irin ta tarwaɗa, tana son miligiram 5 don ta ci ta girma. Ka sayi famfon iska da duwatsun kumfa, ka haɗa shi da batirin sola ya yi aiki daga tsakar dare zuwa hantsi. Kafin ka same shi, duk asubar da ka ga suna haki ka hana abinci, ka sako sabon ruwa daga sama yana faɗowa da ƙarfi yana fantsama, kada ka ciyar sai rana ta ɗaga sun koma ƙasa.